Saƙon Mutumin Fatakwal

Duk wanda ya san tashar Birnin Kudu ya san Ɗanbala mai saƙo. Ko bai san fuskarsa ba, ya san tafiyarsa: a karkace, hannun hagu dafe da ƙugu, kamar wanda ke shirin yi wa wani faɗa, alhali shi da faɗa ko a mafarki. Bayansa ne ya mayar da shi haka. Shekararsa hamsin da biyu, amma in ka gan shi yana saukowa daga kan babur da la'asar, sai ka ba shi saba'in, ka kuma ɗauka ka yi masa rangwame.

Ba da saƙo ya fara neman abinci ba. Ya yi noma a gonar mahaifinsa har ranar da aka raba gado, ya tashi da 'yar kadadar da ko harawar akuya biyu ba ta fitarwa. Daga nan ya kama acaɓa, ya yi shekaru yana ɗaukar mutane zuwa Wurno da Unguwar Ya da Sundimina, wani lokaci har Gwaram. Sai zamani ya juya, mata suka koyi sayen atamfa da turare ta waya, 'ya'yan da ke ci-rani kuma suka daina jiran mai zuwa gida kafin su yi aike. Wata mata mai kai, Hajiya Lailatu, ta kama ɗan shago a bakin tasha. Motocin Kano su sauke mata kaya da safe, ita kuma ta raba wa masu babur biyu. Haladu ya samu layin kasuwa, wato shaguna da kemis-kemis da ofisoshi da makarantun cikin gari. Ɗanbala kuwa, saboda ya san kowace 'yar hanya tun zamanin acaɓa, aka ɗora masa layin gidaje da ƙauyuka. A lokacin har murna ya yi, bawan Allah.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wannan layi, kuma in ka tambaye shi wahalarsa, sai ka nemi wurin zama tukuna. Gidan ƙauye ba shi da lamba. Adireshin da za a rubuta a jikin leda shi ne, gidan da ke kallon kukar da tsawa ta faɗa wa, alhali kukar an sare ta tun shekara takwas. Sunan da ke jikin saƙon kuma sunan makaranta ne: za ka yi ta neman Khairiyya Abdullahi, a yi ta ce maka babu mai wannan suna a garin nan, ashe ita ce Ummin da kowa ke sayen ƙuli-ƙuli a wurinta. Ka kira lambar waya, ka ji tana aljihun maigida a can gona. In ma ka gano gidan, kai namiji ne, ba ka shiga. Sai ka tsaya a rana kana kwaɗa sallama har Allah ya kawo wanda zai yi maka iso. In an fito kuma ba a karɓar saƙo a tsaye kamar an zo kashe wuta. Sai an gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi ruwa, a tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina taɓo ya riƙe ta, tsakaninsu kuma ramuka ne da ba su da lokaci.

Amma fa in ya gama lissafa wannan, yakan ce gaskiya kayan ba su da nauyi. Turmin atamfa, kwalbar turare, waya, magani, takalmin amarya. Babu mai tsaye a kansa yana duba agogo. Kuma da wuya ya dawo gida hannu rabbana: wani ya ƙulla masa gyaɗa, wata ta ba shi ƙwan zabi, wadda ba ta da komai ta bi shi da addu'a har ya sha kwana. Matarsa Tani takan ce, “Addu'ar dai muna so, Malam, amma bayan nan naka ba ya jin ta.”

Cikin duk gidajen nan akwai ɗaya da ba ya fashin zuwa. A wani ɗan ƙauye bayan Sundimina, inda Fulanin da suka daɗe da zama suke noma suna kiwo, akwai tsohuwa Dada. Tana fama da hawan jini da ciwon suga. Ɗanta na fari, Manu, yana aiki a Fatakwal, kuma duk farkon wata yakan sa wani babban kemis a Kano ya haɗa mata maganinta a aiko. Sharaɗinsa ɗaya ne: hannu da hannu, ba a ba kowa sai ita. Dalili kuwa, an taɓa ba ƙaninsa, ya raba wa maƙwabta rabi, wai ai maganin jiri ne, kuma wa ba ya jiri da rani?

Dada mace ce mai fulako na gaske. Tun da ta haifi Manu bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ma ana hirarsa sai ta tashi ta shiga neman abin da bai ɓata ba. Ɗan fari ke nan, karar da ake yi masa ita ce soyayyar. Ɗanbala ya gane wannan tun zuwansa na farko, don haka yakan tsaya a bakin danga ya ce, “Dada, saƙon mutumin Fatakwal ya iso.” Ita kuma ta fito tana dariya, tana kiran sunansa da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji.

“Ɗanbala sarkin yawo! Yau ma ba ka karye ba?”

Sai ta kau da kai daga ƙullin maganin, ta nuna tabarma da haɓa. “Ajiye can. Masu aike ba sa gajiya.” Daga nan ta sa surukarta A'i ta dama masa fura da kindirmo. Sai ya kusa shanyewa za ta tambaya, idonta a kan kaji, “Can wajen su ma suna samun ruwa kuwa?” Shi kuma ya ce ruwa ya wadata, kowa lafiya, har ƙiba ake yi. Ta ce, “To, ni ina ruwana,” ta ƙara masa nono.

Jiki magayi. A shekara ta tara gadon bayansa ya fara tsungulinsa, a ta goma ciwon ya sauko ƙafar hagu. Ya kai ga ba ya iya ruku'u, sai dai ya yi salla a zaune a ƙarshen sahu tare da tsofaffin da suka haife shi. Wannan ya fi ciwon kansa ci masa rai. Da Tani ta matsa, ya je asibiti aka yi masa hoto. Likita ya ɗaga hoton ya nuna masa inda ƙasusuwan gadon baya suka matse juna, ya ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba. Kowane rami da ka faɗa, nan yake sauka. In ka ci gaba da hanyoyin nan, wata rana ƙafar za ta ƙi tashi, kuma ba lallai ta dawo ba. Ka nemi aikin kan kwalta.”

Ana cikin haka sai Haladu ya bar aiki, ya koma Dutse tuƙin adaidaita. Ɗanbala ya ga abin nema ya samu. Ya je ya zauna a bencin shagon Hajiya, ya ajiye mata hoton bayansa a kan kantar shagon. Hajiya Lailatu ba muguwa ba ce, amma 'yar kasuwa ce ta ƙin ƙarawa. Ta daɗe tana juya hoton, ko da yake ba ta san samansa da ƙasansa ba.

“Malam Ɗanbala, na ji, kuma na tausaya,” in ji ta. “Na ɗauki wani sabo, Musaddiq, yana da difloma, ya iya waya. Zan sa shi a layin ƙauye wata guda. In ya riƙe, layin kasuwa naka ne har abada. In kuwa sai ka koma ka gyara masa, to ka san ba zan zubar da mutanen ƙauye ba, su ne rabin shagon nan. Sai ka koma layinka, shi Musaddiq kam ko'ina zai iya a cikin gari.”

Ya ce ya yarda. Me zai ce?

Ranar Litinin ya fara layin kasuwa, sai ya ji kamar an saka shi a wata duniya. Kowane shago da allonsa, ka karanta ka tsaya. Kemis biyar a jere, ka sauke, a sa hannu, ka wuce. Babu sallama sau goma, babu neman kukar da aka sare. Babur yana tafiya a kan kwalta sumul, har ya riƙa jin kunyar saurin da yake gamawa, don kafin azahar jakarsa ta zama fanko.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kayan kasuwa ba turmin atamfa ba ne. Katan-katan ne na ruwan asibiti, da damin littattafan makaranta, da batirin sola da sai ya yi bisimilla sau biyu kafin ya cicciɓe shi. Ofis kuma yana da lokacinsa: ka zo da wuri a ce mai hatimi bai iso ba, ka dawo a ce ya fita salla, ka sake dawowa maigadi ya ce an tashi. Wani mai shago da Ɗanbala ya san ranar sunansa ya karɓi kaya yana waya, ya sa hannu bai ko ɗago ba. A sati biyu babu wanda ya ce masa ina gajiya, balle a ba shi ruwa. Yakan koma gida da wuri ya zauna a zaure shiru, har Tani ta ce ko an yi masa wani abu ne. Ya ce babu abin da aka yi masa, kuma wannan ɗin ne ke damunsa.

Duk da haka, bayan ya lafa. Ya koyi roƙon masu shago su kama masa katan, ya koyi durƙusawa kafin ya ɗauka. A Juma'a ta biyu ya shiga sahu ya yi salla a tsaye, ya yi ruku'u har tafin hannunsa ya kai gwiwa, karo na farko cikin shekara biyu. Da aka sallame ya daɗe bai tashi ba, yana share ido da bakin hula. Ya ce a ransa, ko duniya za ta taru, ba zai koma ramukan nan ba.

Ranar Litinin ta uku ya shigo shago da safe, idonsa ya faɗa kan kantar kayan da suka dawo. Ya gane ƙullin tun daga bakin ƙofa: farar leda, jan zare, tambarin kemis ɗin Kano. An rubuta a jiki da biro, ta ƙi karɓa. Ya duba kwanan wata, ya ga ƙullin ya kwana shida a nan.

Ya tari Musaddiq yana ɗaure kaya. Musaddiq mutumin kirki ne, mai tsare doka kamar ya haɗiye ta. Hajiya tana da ƙa'ida tun ranar da aka taɓa ba wani wayar da ba tasa ba: duk mai karɓar saƙo sai ya faɗi sunan wanda ya aiko. Ɗanbala bai taɓa aiki da ita ba, don ya san fuskar kowa. Musaddiq kuwa da ita yake kwana yake tashi.

“Baba Ɗanbala, wallahi na yi iya yina,” in ji shi. “Na ce ta faɗi sunan mai aiken, ta ce ba ta san shi ba. Na ce to bari in taimaka mata, na karanta mata sunan da ƙarfi, na ce ba ɗanki ba ne? Ga mata sun taru ana sussuka. Sai ta ce ita ba ta da wani ɗa a ko'ina, ta shige ɗaki. To mutum ya ce bai san mai aike ba, in ba shi magani?”

Ɗanbala ya dafe kai. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya ja shi gefe ya koya masa: kada ka tambaye ta komai, kada ka ambaci suna, ka ce saƙon mutumin Fatakwal, ka ajiye a tabarma. Musaddiq ya tafi washegari, ya dawo da ƙullin. Dada ta ƙi fitowa. Ta aiko A'i ta ce a gaya wa mai jakar nan ta riga ta faɗa a gaban jama'a ba ta san mai aiken ba, ba za ta dawo yau ta ce ta sani ba. A'i ta roƙa a ba ta, Musaddiq ya nuna mata inda aka rubuta hannu da hannu. Ta ce masa tsohuwar ƙafafunta sun fara kumbura.

Kwana biyu Ɗanbala yana wuce kantar nan yana kau da kai. Gaskiya ita ce, ya ji haushin kowa: haushin Musaddiq da dokarsa, haushin Manu da sharaɗinsa, haushin Dada da taurin kanta, wai a kan suna mutum zai kashe kansa. Saura kwana goma watan gwaji ya cika. Ya gaya wa kansa cewa ba shi ya haife su ba, kuma shi ma yana da ƙafar da yake tsoron rasawa. Amma ya koma barin tuwonsa a kwano. Tani ta lura, ta kuma san dalili, ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ta dai ɗauko man zafi ta ajiye a inda zai gani.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan ya sauke katan na ƙarshe, ya shiga shago ya ɗauki ƙullin. Hajiya ta ɗago daga wayarta.

“Mai aiken ya kira ni sau huɗu jiya,” ta ce. “Ban ce ka je ba, Malam Ɗanbala, don na yi maka alkawarin wata guda. Amma ba ita kaɗai ba ce, dubi kantar nan. In ka kai wannan, ka san abin da ka nuna mini.”

“Na sani, Hajiya.”

An yi ruwa da asuba. Daga inda kwalta ta ƙare, hanyar ta karɓe shi kamar ba su taɓa rabuwa ba. Rami na farko ya ji shi a ƙugu, na biyu ya sauko cinya, kafin ya wuce Sundimina ƙafar hagun ta koma yin zugin da ya fara mantawa da shi. Gero ya yi tsayi ta kowane gefe, mutane suna ɗagowa daga gona suna ɗaga masa fartanya, ana kiran sunansa, ana cewa ashe yana nan. Yana amsawa, yana cije leɓe. Sau biyu ya sauka ya tura babur a taɓo.

A bakin danga ya tsaya, ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya yi sallama. “Dada, saƙon mutumin Fatakwal ya iso.”

An daɗe kafin labulen ya motsa. Ta fito dafe da kafaɗar A'i, ta rame, ƙafafunta sun cika kamar an hura. Ya jira dariyar, ya jira a ce Ɗanbala sarkin yawo. Ba ta ce ba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna a kan turmi, ta ba shi gefen fuska, ta nuna tabarma da haɓa. Ya ajiye ƙullin, yana cewa a ransa fushi take yi, kuma tana da gaskiya.

Sai ta yi magana, idonta a kan kaji.

“A'i, ki dama wa mutumin Birnin Kudu fura. Ki kuma ɗauko masa abin nan da ke kan gadona. Ki ce masa an ce bayansa na ciwo, ni dai ina ruwana.”

A'i ta shiga ta fito da wani ɗan matashi, an ɗinka shi da tsohon saƙi, an cusa masa audugar rimi har ya yi tauri. Ɗinkin ya karkace, wani wuri zaren ya yi tsalle, aikin hannun da ke rawa ne. A'i ta miƙa masa, ta yi ƙasa da murya. “Tun ranar da mai jakar nan ya ce ciwon baya ne ya hana ka zuwa take ɗinkinsa. Na ce in taya ta, ta ƙi.”

Ɗanbala ya riƙe matashin da hannu biyu. Shekara goma sha ɗaya tsohuwar nan tana kiran sunansa har maƙwabta su ji, yau ta ajiye shi, ta kau da kai, ta kira shi da sunan garinsu. Mutum ɗaya ne a duniya take yi wa haka. Ya ji daɗin da bai taɓa jin irinsa ba, ya kuma ji gajiyar duk shekarun nan ta sauko masa lokaci guda, don ya san yanzu kam an ɗaure shi, ba da dokar Hajiya ba. Ya sha furar a hankali. Da ya kusa shanyewa, Dada ta tambayi A'i ko can birni su ma suna samun ruwa. Ya ce wa A'i ruwa ya wadata, kowa lafiya.

Ya ɗora matashin a kan kujerar babur, ya ɗaure shi da robar kaya. Sai da ya yi yunƙuri uku kafin ƙafar hagu ta yarda ta haye. Bai waiwaya ba, don ya san ita ma ba za ta kalle shi yana tafiya ba sai ya yi nisa.

Washegari Juma'a ya yi salla a zaune a ƙarshen sahu. Ranar Litinin da safe ya iso shago a karkace, hannu a ƙugu. Musaddiq yana ɗaure katan-katan na kemis, ya kasa haɗa ido da shi. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya ɗauki jakar ƙauye, ya kwashe duk abin da ke kantar kayan da suka dawo, ya gyara matashin a kan kujera, ya tayar da babur.